Shuɗin Fentin da Baba Guduma Ya Goge

A'a, ba haka aka yi ba. Tun da hoton bas ɗin nan mai ƙofa ruwan toka ya fara yawo a waya, kowa ya zama alƙali. Wannan ya ce an sayi tsohon ne. Wancan ya ce ai 'yan gareji duk halinsu ɗaya, ka kai musu mota tana ciwon kai su maido maka ita tana ciwon ciki. Wata kuma har da rantsuwa, wai ta ji daga majiya mai ƙarfi cewa kamfanin motar kayan ne ya cusa masa wani abu a aljihu ya goge shaida. Majiyar taki wace ce, baiwar Allah? Ke da ko layin garejin ba ki taɓa takawa ba.

Ya goge shaidar. Wannan gaskiya ne, shi kansa bai taɓa musu ba. Abin da ba ku sani ba shi ne dalili, kuma ba ku tambaya ba, saboda zagi ya fi tambaya sauƙin rubutawa. To ku ajiye babban yatsa na minti goma.

Baba Guduma ake ce masa a layin 'yan gareji. In ka tambayi sunansa na gaskiya, ko maƙwabtan rumfarsa sai sun sosa ƙeya. Mai gyaran bodi ne, wato motar da ta lotse ita ake kawo masa ya buge ta ta miƙe, ya goge, ya fesa fenti. Shekara talatin da wani abu yana wannan bugun. Kunnensa na hagu ya daɗe da yin ritaya, shi ya sa in kana masa magana sai ya juyo maka na dama kamar mai jiran gulma. Yatsunsa biyu sun daina lanƙwasuwa. Ba da ido yake duba lotsewa ba. Runtse ido yake yi ya bi jikin motar da tafin hannu, a hankali, sai ka ga ya tsaya a wurin da kai ba ka ga komai ba ya ce, "Nan ma an taɓa ta, amma ba bana ba."

Rumfar tasa ba wata aba ba ce. Rufin kwano, benci, tsohuwar kujerar mota da baƙi ke zama a kai, gwangwanayen fenti jere a kan katako. A kusurwa akwai keji na ƙarfe da ya walda da hannunsa, a ciki kuma injin feshi yake, wanda yake kira Tsohuwa. Shi da ƙanensa suka haɗa ƙarfi suka sayo ta suna samari, suka turo ta a baro tun daga kasuwa suna faɗa a hanya kan wa ya fi gajiya. In ta tashi tari take fara yi sau uku, duk layin ya san an buɗe aiki. Da ita ya yi suna, domin Baba Guduma yana haɗa kala da ido. Ya zuba wannan, ya ɗiga wancan a gwangwanin madara, ya juya da sanda, ya shafa a farce ya kai kusa da motar. In ya fesa, mai motar ma sai ya manta wace ƙofa aka buge.

Yana da wata ɗabi'a guda da kowa ya san shi da ita. Ba ya barin ƙarfen da aka kwarzane ya kwana a buɗe. Ogan da ya koya masa aiki ne ya dasa masa ita: in fenti ya ɗaye ruwa ya taɓa ƙarfen, tsatsa ta shiga ke nan, ko ka rufe daga baya tana ci ta ƙarƙashi, bayan shekara fentin ya kumbura mai mota ya zage ka. Saboda haka duk motar da aka ajiye masa, kafin ma a yi ciniki, sai ya ɗauko sanfefa ya goge ciwon, ya fesa masa fentin farko, wannan mai ruwan tokar. Kyauta yake yi. Rewaya, mai gyaran wutar mota da rumfarsa ke manne da tasa, yana kiran abin taimakon gaggawa. Shekara talatin ana gode masa a kan wannan ɗabi'ar. Ku riƙe wannan.

Ƙanen nasa direban ƙaramar bas ne. Ciwo ya kwantar da shi wata huɗu, ya rasu shekara shida da suka wuce, ya bar mata da 'ya'ya uku da bas ɗin. Dangi suka ce a sayar. Matar ta ce ita za ta tuƙa. Baba Guduma ya fi kowa faɗa a ranar, kuma shi ne bayan sati ɗaya aka gani a filin bayan gareji yana gudu a gefen bas yana cewa ta saki kuloci a hankali. Ta samu yaran makaranta goma sha huɗu, ta kai su da safe ta ɗauko su da rana. Iyayen yara suna ce mata Anti Direba. Shi kuwa Amarya yake ce mata tun ranar da ta shigo gidansu, har yau da furfura ta fara leƙo mata. Kalar bas ɗin ma shi ya haɗa, wani ruwan madara da ba a sayar da shi a kowane gwangwani.

Duk shekara takan biya cikakkiyar inshora, irin wadda aka ce ko kai ka buge ko an buge ka za a gyara. Shi kuma duk shekara sai ya tsokane ta.

"Amarya, kina da ni, me za ki yi da inshora?"

"Yaya, kai ba ka sayar da gilashi."

"Kuɗin takarda kawai kike ba su."

"To ka bar ni da takardata. Yaran mutane nake ɗauka."

Ranar wata Talata da rana, ta ɗauko yara ta zo mahaɗar da ke gaban gidan mai. Wata shuɗiyar motar kaya ta wani kamfanin raba kaya ta fito daga gefe ba ta tsaya ba. Ta gogi bas ɗin tun daga ƙofar zamiya har tayar baya, ta manna ta da simintin tsakiyar titi. Gilashi biyu suka tarwatse. Wata yarinya ta fashe a goshi, jini ya rufe mata ido. Mutane suka taru, kuma kun san me aka fara ɗagawa. Ba yarinyar ba. Waya. Direban motar kayan ya sauko, ya duba, ya ga hankalin kowa na kan yaran da ke kuka, ya koma ya ja motarsa. Amarya ta ga sunan kamfanin a jikinta, amma hannunta biyu na kan goshin yarinyar. Wani mai mota ya ɗauke su zuwa asibiti. A hanya ta kira Baba Guduma.

"Yaya, an buge ni a mahaɗar gidan mai. Yara lafiya, sai ɗaya. Ka ɗauke min bas kafin a kwance batir."

Ya je da motar janwe. Mai ba da hannu ma tuni yake faɗa a janye ta ta tare hanya. Aka jawo ta aka sauke a gaban rumfa.

Baba Guduma ya zagaya ta sau biyu. Ƙofar ta shige ciki. Tayar baya ta karkace. Kuma a kan ruwan madarar nan da ya haɗa da hannunsa, ga wani dogon layi shuɗi, ya kai tsayin mutum, a tsakiyarsa ƙarfe tsirara yana ƙyalli. Ya ɗaga kai. Hadari ya haɗo ta gabas, iska ta fara kaɗa ledoji a layin. Abu biyu ne suka zo masa a rai, ba uku ba. Na farko, ruwan nan zai sauka kan ƙarfen. Na biyu, Amarya za ta dawo daga asibiti da jinin 'yar mutane a hannu, bai kamata ta tarar da motar mijinta da wannan raunin a buɗe ba.

Ya ɗauko sanfefa.

Rewaya ya fito yana goge hannu. "Baba, ko kallo ba za ka bari mu gama ba?"

"Ka kalli sama."

"Kai dai da za a kawo maka gawar mota daga ƙasan kogi, sai ka ce a rufe ta kar ta jiƙe."

"Matsa min, kana tare min haske."

Rewaya ya matsa, har ya riƙe masa wayar wuta da ya tayar da Tsohuwa. Wayarsa mai kyamara tana aljihunsa duk tsawon lokacin. Bai tuna ba. Ba wanda ya tuna. Shuɗin ya zama gari ya zube ƙasa, ruwan toka ya hau wurinsa, ya bushe daidai lokacin da ɗigon farko ya bugi kwano. Baba Guduma ya tsaya a ƙarƙashin rumfa yana kallon ruwa na gangarowa ta kan aikinsa bai samu ƙofar shiga ba. Ransa ya yi fari. A ganinsa ya riga ruwa.

Da la'asar Amarya ta iso, hannun rigarta duk jini ya bushe. Ta ce an yi wa yarinyar ɗinki biyar. Ta kalli bas ɗin ta ce, "Yaya, har ka fara?" Ta zauna a kujerar baƙi ta yi masa godiya. Ku ji da kyau, godiya ta yi masa, domin ita ma ba ta sani ba.

Washegari ta kira kamfanin inshora a gabansa. Yana kallonta tana cewa to, to, to. Ta sauke wayar a hankali.

"Me suka ce?"

"Sun ce kar a taɓa motar sai mutuminsu ya zo ya gani."

"Ai ba gyara na yi ba. Rufe ciwo kawai na yi."

Ta mayar da wayar jaka.

Sai da aka kwana tara jami'in ya zo. Saurayi ne mai tsabtar takalmi, da fayil a hammata, ga ladabi. Da ma ya zo da rashin kunya, da an samu wanda za a tsana. Ya gaida Baba Guduma har da rusunawa, ya zagaya bas ɗin, ya shafa ruwan tokar da yatsa.

"Baba, wa ya yi wannan aikin?"

"Ni ne."

"Aiki ya yi kyau."

"Ka gani ko? Ko ɗigon ruwa bai shiga ba."

"Shi ne matsalar, Baba." Ya buɗe fayil ya juyo wa Amarya wani shafi, ya ɗora yatsa kan wani layi mai ƙananan rubutu. "Hajiya, kin sa hannu a nan cewa ba za a fara kowane irin gyara ba sai mun duba. Yanzu ni ban san me ke ƙarƙashin wannan fentin ba. Ban sani ba ko sabon rauni ne, ko tsoho ne aka haɗa da sabo. Ban sani ba ko mota ce ta goge ki, ko siminti."

"Yara goma sha huɗu ne a ciki," in ji Amarya.

"Yara ne, Hajiya, ba shaidu ba."

Baba Guduma ya juyo kunnensa na dama. "Ɗana, tsaya. Shuɗin kake nema?" Ya shiga rumfa da sauri. Yana da wani bokiti da yake tara sanfefar da ta cinye, ba ya zubarwa, wai ko za ta yi amfani a ƙaramin aiki. Ya tona ya fito da guda uku, duk sun yi shuɗi. Ya miƙa da hannu biyu. "Ga shi nan. Da waɗannan na goge. Ka kai a auna."

Jami'in bai karɓa ba. Ya kalli gwangwanayen da ke kan katako, ya dawo da ido kansa.

"Baba, wurin fenti ne nan. Mota shuɗiya nawa ka goge a shekarar nan?"

Tsohon ya sauke hannu. Shi mutum ne da bai iya ƙarya ba ko ta ciniki. Ya ce, "Da yawa."

Jami'in ya rubuta wani abu, ya ce shi ba shi ke yanke hukunci ba, ya yi sallama cikin ladabi, ya tsallake kwatamin da ke bakin rumfa kar takalminsa ya ɓaci.

Takarda ta fito bayan sati biyu. An fara gyara kafin dubawa, saboda haka kamfani ba zai ɗauki nauyi ba. Suka ce in tana so ta nemi inshorar motar da ta ce ta buge ta. Ta nema. Can kuma aka ce direbansu ya ba da bayani a rubuce: bas ce ta ƙwace wa matar ta daki siminti, shi tsayawa kawai ya yi don ya taimaka. Ina shaidar cewa motarsu ta taɓa tata? Ƙofa biyu ke nan, kuma sanfefa ɗaya ce ta rufe su.

Baba Guduma ya sa sanfefar nan uku a leda ya fara yawon ofis. Mutumin da bai taɓa rufe rumfa ranar aiki ba. Ya zauna a kujerun roba a ƙarƙashin sanyin na'ura yana rawar ɗari, da farcensa mai fenti a kan gwiwa. A kira lamba bai ji ba, a wuce shi, ya sake karɓar wata. In ya kai gaban teburi ya fara kwance ledar, sai a ce masa ai ba shi ne mai inshorar ba, mai ita ta zo da kanta. In ta zo da kanta a ce manaja ya fita. Wata ma'aikaciya ta taɓa tambayarsa ko shi lauya ne. Ya ce a'a, shi ne wanda ya yi laifin. Ta ce to babu wurin rubuta wannan a fom.

Har harabar kamfanin motocin kayan ya je. Mai gadi bai bar shi ya shiga ba, sai ya tsaya a tsallaken titi yana kallo ta tsakanin ƙarafan get. Motoci shuɗaye bakwai a jere. Bai yi minti ɗaya ba ya gane ta. Kusurwar bambarta ta gaba sabon fenti ne, kuma wanda ya fesa bai iya haɗa kala ba, shuɗin ya fi na jikin duhu. Daga tsallaken titi ya gani. Ya dawo ya gaya wa Rewaya yana haki.

"Na gan ta. Wallahi na gan ta. An fesa mata kusurwa."

"To ka ce wa wa? Ka ce idonka ya gani?"

"Idona bai taɓa kuskuren kala ba."

"Baba, idonka ba shi da hatimi."

Ana haka makarantu suka yi hutu. Kafin hutun, iyayen yara sun yi haƙuri na makonnin farko, suna haɗa yaran a motocin haya. Sai aka fara rubutu a guruf ɗinsu. Anti Direba, muna tare da ke, amma in an dawo daga hutu babu mota, kin san dole mu nemi wani. Uku ba su ma jira ba. Sati shida ke nan a gabanta. Bas ɗin nan ita ce abincin gidan, ita ce makarantar 'ya'yanta uku. In yaran mutane suka watse, ko an gyara ta daga baya babu wanda za ta ɗauka.

Ta zo rumfar wata safiya, ba ta zauna ba. Ya tura mata kujera da ƙafa, ta ƙi.

"Amarya, na sake komawa jiya. Sun ce akwai ofishin ƙorafi, in aka kai..."

"Yaya, ba na son in faɗi maganar da zan zo ina da-na-sani."

"Faɗi. Ni na jawo."

"Shekara shida ina biyan mutanen nan. Ban taɓa fashi ba. Akwai shekarar da na cire 'yan kunnena na biya, ba ka sani ba. Kana min dariya ina biya. Rana ɗaya tak na buƙace su." Muryarta ba ta ɗaga ba, shi ya sa sai da ya matso da kunne. "Awa biyu, Yaya. Da ka zauna ka sha shayi na awa biyu. Da ka yi barci. Da ruwan ya ci ƙarfen, ya cinye shi ma."

"Na ɗauka ina..."

"Na san abin da ka ɗauka. Shi ya sa na rasa wanda zan zaga."

Ta tafi. Daga ranar ta daina kiransa a waya.

Aikin hannu ba matsala ba ne, nasa ne, kyauta ne. Amma guduma ba ta haifar ƙofa. Ana buƙatar ƙofar zamiya, gilashi biyu, ƙafar baya gaba ɗayanta, da taya. Ya je kasuwar kayan gyara ya ji farashi ya dawo a ƙasa, bai ma hau mota ba. Ya duba abin da ya mallaka a duniya. Gidan haya yake. Gudumominsa ba wanda zai saya, sun bi hannunsa sun karkace. Abu ɗaya ne a rumfar da ke da daraja, kuma yana cikin keji.

Ya gaya wa matarsa da safe tana wanke kofuna. Ta tsaya da kofi a hannu.

"In ka sayar da Tsohuwa, da baki za ka riƙa fesawa?"

"Zan riƙa bugu, in tura feshin tsallake."

"Mutane saboda fentinka suke zuwa, Malam, ba saboda ƙarar gudumarka ba. Mu kuma fa? Mu ba 'ya'ya ne da mu ba?"

"Namu sun girma."

"Cikinsu bai daina ci ba."

Ya sunkuya yana ɗaura igiyar takalmi. Can ya ce, "Rabin injin nan na marigayi ne. Ban taɓa biyansa ba. Bai taɓa tambaya ba."

Ta ci gaba da wanke kofin da ta riga ta wanke.

Wani mai gareji daga wani gari ya saya. Ya zo da a-kori-kura, ya sa aka tayar da ita ya ji. Ta yi tarinta uku ta kama. Ya ce tarin nan zai rage mata kuɗi. Baba Guduma ya ce ba ciwo ba ne, gaisuwa ce. Mutumin bai yi dariya ba, ya rage ɗin. Rewaya ne ya kama aka ɗora ta, yana yi yana zagin igiyar da ta ƙi ɗauruwa, alhali ba igiyar yake zagi ba. Da motar ta fita layin ya dawo ya ce, "Wayata na aljihuna ranar, Baba. Hoto ɗaya." Tsohon ya juya masa kunnen hagu.

Ƙofar da ya samo ta wata matacciyar bas ce, koriya. Ya ɗaura ta, ya daidaita ta har tana zamewa da yatsa ɗaya. Ya miƙe bodin, ya sa gilasai, bakanike ya ɗaura ƙafar. Ya goge koren, ya rufe da ruwan toka na ɗan gwangwanin feshi da ake girgizawa, abin da ya yi shekara talatin yana cewa na masu gyaran keke ne. Ya je tsallake wurin wani mai fenti da ya taɓa kora daga aiki, ya cire hula ya roƙi aron inji na ranar Asabar. Aka ba shi. Ya zauna da gwangwanin madara ya haɗa kalar nan, ya shafa a farce, ya kai kusa da bodin. Ta zauna daram.

Ranar Juma'a, saura kwana uku a koma makaranta, Rewaya ya kira Amarya ya ce ta zo ta ga motarta. Ta zo. Ta ja ƙofar ta rufe, ta sake ja. Ta tayar da injin ta saurara. Sai idonta ya faɗa kan kejin da ke kusurwa, ƙofarsa a buɗe, sai tabon baƙin mai a ƙasa.

"Ina Tsohuwa?"

"Ta tafi hutu."

Ta daɗe tana kallon kejin. Ta san ranar da aka turo injin nan a baro, mijinta ya ba ta labarin ya fi sau ɗari.

"Yaya," ta ce. Rabon da ya ji kalmar daga bakinta sati biyar.

Ya yi sauri ya ɗauko gwangwanin ya buɗe mata. "Gobe zan fesa. Na samu aro. In na gama ko ke ba za ki gane wace ƙofa ba ce."

"Kar ka fesa."

"Amarya, ba za ki ɗauki yaran mutane da mota kala biyu ba."

"Zan ɗauka. Na kai ƙorafi ofishin da ka ce. Sun ce in na kawo hoto ko mutum ɗaya da ya ga lokacin da aka buge ni, za su sake zama. In ka fesa, shi ke nan, an manta. Bar ta haka. Kullum sau huɗu nake bin mahaɗar nan. Duk wanda ya tambaye ni me ya samu ƙofar zan gaya masa. Wataƙila a cikinsu akwai wanda ya tsaya a wurin ranar." Ta kalle shi. "Wannan karon ka bar ciwon a gani."

Ya mayar da murfin gwangwanin, ya danna shi da tafin hannu.

Yara tara ne suka dawo mata cikin goma sha huɗu. Tana bin mahaɗar da ƙofarta ruwan toka, tana gaya wa duk wanda ya tambaya. Haka labarin ya fita, ya bi baki ya bi waya, kafin ya iso gare ku ya zama wai tsoho ya ci kuɗi ya goge shaida. Mutumin da aka saya ne zai sayar da injinsa? Ku je layin ku gani. Bugu kawai yake yi yanzu, masu mota kuma sun bi fenti sun koma tsallake. Wasu da suka karanta abin da kuka rubuta sun zo sun janye motocinsu. Yana zaune a benci, ledar sanfefa na rataye a ƙusa. Kullum da safe sai ya buɗe gwangwanin madarar nan, ya ɗiga masa tina mai tsinka fenti, ya juya da sanda kar ya daskare.

Ofishin ƙorafi ya ba da wa'adi, saura kwana goma sha biyu a rufe fayil ɗin. In an rufe, Anti Direba ta yi asarar shekara shida na biya, Tsohuwa kuma ba za ta dawo ba.

Ranar Talatar nan, mutum ya fi talatin a mahaɗar gidan mai, kuma rabinku waya na sama. Kai da ka ɗauki yarinya jini na zuba mata ka tura wa abokanka, shuɗiyar motar tana bayan hotonka. Ke da kika leƙo daga shagon sayar da kati, kin ga direban ya sauko ya koma. Ma'aikatan gidan mai, akwai kyamara a saman famfonku na biyu, kowa ya san da ita. Mai ba da hannun da ya ce a janye bas, kai ma kana da baki. Kun samu lokacin rubuta wa tsoho zagi layi goma goma. To ku buɗe wayoyin nan ku koma baya wata uku ku duba. Wanda ya samu hoto ya ajiye shi a ƙarƙashin wannan rubutun, ko ya tsayar da bas mai ƙofa ruwan toka ya nuna wa mai tuƙa ta. Wanda ba shi da hoto amma ya gani da idonsa, ya rubuta "na gani", ya bar lambarsa. Ba tausayi ake nema ba, kuma ba a son addu'ar kwafa da mannawa. Kun gani. Ku yi magana.